Ɗan Sojan Da Aka Haifa A Bariki, Ɗan Wace Jiha Ne?

'Yan uwa mazauna Sabo da Agege da sauran unguwanninmu na Kudu, kusan kowanenmu ya san gidan matar wani soja da ta dawo cikinmu da marayunta bayan an karɓe ɗakinsu na bariki. Yaran nan a barikin Ikeja ko Odogbo aka yanke musu cibiya, a nan suka yi firamare da sakandare, wasunsu Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Amma ranar da yaro ya sami gurbin jami'a, ya je neman tallafin karatu na jiha, sai a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin jiha. A nan a ce masa ya koma jihar ubansa. Can kuma a tambaye shi wane mai unguwa ne ya san shi. Yaro ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Muna tambaya: lokacin da aka tura ubansa Laberiya ko Saliyo ko dajin Sambisa, wa ya nemi ya nuna wannan takarda? Ba jiharsa ya je karewa ba, Nijeriya ya je karewa. Ba shi ya zaɓi inda za a haifi 'ya'yansa ba, aiki ne ya zaɓa masa.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cikakken 'yancin zama ga kowa a ko'ina cikin ƙasar nan. To, ina amfanin doka a takarda in ba ta kai yaro aji ba?

Wasu za su ce ai ga NELFUND tun 2024. Wannan bashi ne, biyansa ake yi. Maraya wanda ubansa ya riga ya biya da ransa, ba bashi ya kamata a miƙa masa ba. A watan Maris na 2024, da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a. Mun yaba. Sai dai kada a jira sai mutuwa ta cika jaridu kafin a tuna da marayu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu ma da namu laifin. Rundunar sojan ƙasa tana da tsarin biyan kuɗin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, amma iyaye mata da yawa ba su sani ba, wasu kuma kunya ta hana su bi, suna ganin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

Don haka kowane gida ya adana lambar aikin mamaci, da takardar shaidar rasuwarsa, da takardun haihuwar yara, da takardar samun gurbin karatu, a kawo kwafinsu sakatariyar ƙungiya. Mu tafi a ƙungiyance, mu rubuta wa 'yan majalisar da muka zaɓa a nan cewa zama ya isa hujja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.