Filin Lafiyar 'Yan Mata: Ƙwannafi Daban, Olsa Daban

 

Wasiƙar wata ƙanwata 'yar aji biyar a makarantar kwana ce ta sa na ɗauko batun yau. Ta ce kusan kullum da dare sai ta ji ƙirjinta na zafi kamar an zuba garwashi, wani ruwa mai tsami ya taso mata har maƙogwaro. Ƙawayenta na ɗaki sun riga sun yanke hukunci wai olsa ce, sun ɗora ta a kan jiƙon kanwa da madarar gwangwani. Can ƙarshen wasiƙar, kamar ba komai ba, ta ce duk wata idan ciwon mara ya taso takan haɗiyi ibuprofen biyu-biyu ko ba ta karya ba. To ƙanwata, wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi ɗaga min hankali, amma bari mu bi abin a sannu.

Abin da kika kwatanta sunansa ƙwannafi. A daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani nama da ke tsukewa kamar tazugen wando. In abinci ya wuce sai ya tsuke. Idan ya saki, ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi sai ya yo sama. Shi tumbi Allah Ya yi masa kariya daga wannan ruwan, hanyar abinci kuwa ba ta da irinta, shi ya sa kike jin ƙuna.

Me ke sa tazugen ya saki? Babban mai laifi shi ne a cika ciki a kwanta. Na san halinku 'yan kwana, a wuni ana yangar abincin makaranta, sai an taso daga karatun dare a jiƙa garin kwaki da ƙuli da yaji, a ɗura, a haye gado. Ku ma na gida ba ku tsira ba. Saurayi ya zo zance da ƙullin tsire da lemon kwalba, a gabansa ko kallon ledar ba a yi, yana tafiya a shige ɗaki a tashi da shi tas, ƙarfe goma an miƙe. Haka da azumi, a yi sahur da ƙosai da soyayyen dankali a koma barci. Maiƙo yana daɗewa a tumbi, lemon kwalba yana cika shi da iska, shayi mai kauri da kofi da cakulan su ma suna tayar wa wasu. Matse ciki da ɗaurin zani ko bel don ƙugu ya fito yana ƙara turo ruwan sama. Masu juna biyu kuma sun fi kowa saninsa.

Don haka ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ki kwanta ta gefen hagu. A gida a sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗaga kamar inci 6 zuwa 8, don tara matasai wuya kawai yake lanƙwasawa. Sannan ki lura da cimar da ke tayar miki, don ba kowa yaji ke damu ba.

Kanwa fa? Gaskiya tana kashe tsamin na ɗan lokaci, amma gishiri ne fal a cikinta, ba ta da awo, tana kumbura ciki, kuma yawan shanta ba alheri ba ne ga ƙoda da hawan jini. Madara ma ta lafa miki yanzu, anjima tsamin ya dawo. Gara farin maganin nan na ruwa da ake kira Mist Mag. In kina shan ƙwayar ƙarin jini, ki raba su da awa 2, don yana hana jiki ɗaukarta.

Yanzu ga olsa, wato gyambon ciki. Mun taso muna ji wai yunwa ce ke kawo ta. Yunwa na iya tayar da zafin, amma ba ita ce tushe ba. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, mai zama a tumbi tana cinye kariyarsa, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako 2, a rabu da ciwon da wata ta shekara goma tana yi wa jiƙo. Sanadi na biyu kuwa shi ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, musamman in an maishe su abin sha kullum. Kin ga inda tsorona yake, ƙanwata. Ki fara gwada farasitamol da ɗumama mara da ruwan ɗumi. In sai da ibuprofen ɗin, to a bayan abinci, kuma a faɗa wa ma'aikaciyar jinya ta makaranta kina da zafin ƙirji.

Masu kukan kumburin ciki da taurin bayan gida, ku yawaita ruwa da zogale da gwanda da lemon zaƙi, ku daina riƙe bayan gida don ƙyamar masan makaranta.

Amma fa akwai inda ba a jira hutu. In kin ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta alhali ba kya shan ƙwayar ƙarin jini, ko aman jini, ko abinci na maƙalewa a ƙirji, ko kina ramewa ba dalili, sai asibiti a ranar. Haka in ƙwannafin ya wuce mako 3 yana zuwa kusan kullum. Likita na iya rubuta miki omeprazole, wanda ake sha kamar rabin awa kafin karin kumallo. Ki nuna wa Umma wannan shafin, kada kunya ta sa ki ɓoye mata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.