Sanarwar bayan taron iyaye da malaman makarantu kan raunin haƙori da muƙamuƙi ga yara

Iyaye da malaman allo da na islamiyya daga al'ummar Hausawa mazauna Adjamé da Treichville sun yi taro a Abidjan ranar Lahadin da ta gabata, inda wani likitan haƙori ya yi bayani, aka kuma yi tambayoyi.

Taron ya lura cewa yaranmu na yawan jin rauni a baki wajen ƙwallon maracana, da tsallaka titi tsakanin motocin haya na gbaka da woro-woro, da faɗuwa daga matakalar bene. Sau da yawa ana tsayar da jini a gida a ce "ai yaro ne, zai warke", sai an makara a nemi asibiti.

Likitan ya bayyana cewa ƙashin yaro in ya karye yana saurin haɗewa, cikin mako 2 zuwa 3, don haka idan ya haɗe a karkace gyara na wuya. Yaron da ya faɗi kan haɓa yana iya karyewa a mahaɗar muƙamuƙi, kusa da kunne. In aka bar shi, mahaɗar na iya ƙagewa, baki ya ƙi buɗuwa, haɓa ta daina girma daidai. Likitoci kan ɗauki hoto, su daidaita ƙashin, su ɗaure shi da waya ko madaurin roba na ɗan lokaci, suna kiyaye haƙoran da ke kwance cikin ƙashi ba su fito ba tukuna.

Taron ya cimma waɗannan matsaya:

1. Idan haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi ba gurzawa, a mayar da shi gurbinsa. In hakan bai yiwu ba, a sa shi cikin madara a kai ga likita kafin awa 1 ta cika. Likita zai ɗaure shi da maƙwabtansa kamar mako 2.

2. Haƙorin yarinta, wanda ba a yi famfararsa ba, ba a mayar da shi, domin zai iya lalata na ƙarƙashinsa.

3. Yaron da haƙoransa suka daina haɗuwa, ko ya kasa buɗe baki, ko jini ya fito ta kunne, a wuce da shi sashen tiyatar muƙamuƙi da fuska na asibitin CHU Treichville. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Akwai kuma cibiyar kula da haƙori a asibitin CHU Cocody.

4. Yayin jinya a ba yaro kunu, koko da fura, a kuma mayar da shi asibiti duk ranar da likita ya sa, ko da ciwo ya lafa.

5. Kowane magidanci ya yi wa iyalinsa katin inshorar lafiya na CMU.

Taron ya roƙi limamai su isar da wannan saƙo bayan sallar Juma'a. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakatare