SHARHI: Biyan albashi gwargwadon ƙwazo: Wa zai riƙe ma'auni?

Tun da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fara maye gurbin tsohon fom ɗin APER da sabon tsarin auna ƙwazo da ake kira PMS, ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, wata magana ta biyo baya: abin da ma'aikaci zai samu ya dogara da aikin da ya yi, ba shekarun da ya shafe a kujera ba.

Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi. A matakan albashi daga 01 zuwa 17, ƙarin shekara-shekara kusan da kansa yake zuwa. Wanda ke raba dare kan fayil da wanda ke sa hannu a rajista ya sulale, duk ɗaya suke a ƙarshen wata. APER kuwa ya daɗe da zama al'ada kawai, domin ba shugaban sashen da ke son jawo wa kansa gaba da na ƙasa da shi.

Sai dai Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. Kwamitin Jerome Udoji da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, inda ya ba da shawarar a riƙa gudanar da aikin gwamnati bisa manufofin da za a iya aunawa, tare da ƙarin albashi. Ƙarin aka ɗauka hannu bibbiyu, kasuwa ta amsa da tsadar kaya, batun awo kuma ya kwanta. Har yau in an ce Udoji, kuɗin ake tunawa.

Matsalar tana wurin ma'auni da mai riƙe shi. Ana iya ƙirga fasfo nawa jami'i ya fitar ko harajin da ya tara. To, da me za a auna malamin da aka jibge wa ɗalibai fiye da kima, ko ma'aikaciyar jinyar da ke asibitin da ba wuta ba magani? Idan aka ɗora kuɗi kan alƙaluma, ma'aikaci zai bi alƙaluman ya bar aikin: a gaggauta fayil mai sauƙi, a jingine mai wuya. Idan kuma hukuncin yana hannun shugaba shi kaɗai, a ƙasar da siyasa, ƙabila da addini ke leƙowa cikin ofis, ladan ƙwazo zai koma ladan biyayya.

Akwai kuma batun tushe. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 ya zo ne a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikacin da kuɗin mota ke cinye albashinsa kafin tsakiyar wata, duk wani sharaɗi da aka gindaya wa kuɗinsa zai ɗauke shi a matsayin dabarar rage masa, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ba za su rasa abin faɗa ba.

Gwamnati tana da inda za ta gwada niyyarta. A Nuwamban 2023 ministoci sun rattaba hannu kan alƙawarin cika ayyukan da aka ɗora musu, aka kuma damƙa bibiyar su ga ofishin Hadiza Bala Usman. Idan da gaske ake, a fara daga sama: a bayyana wa jama'a makin kowane minista da babban sakatare, a ware ladan ƙwazo daban da ainihin albashi, a kuma bai wa ƙaramin ma'aikaci wurin da zai ɗaukaka ƙara idan shugabansa ya tauye masa maki.