YABO BA YA ƘOSAR DA MAI AIKI

Yau Faransa za mu leƙa, don akwai wata mace can da labarinta ya shafe mu.

Sunanta Suzanne Lenglen, an haife ta a Faris cikin 1899. Mahaifinta ne ya koya mata tanis, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo ta tsallake raga. An ce yakan shimfiɗa hankici a fili, ya sa ta yi ta bugu har sai ƙwallon ta sauka a kansa. Tana da shekara 20 ta ci babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1919, ta riƙe ta har 1923, ta sake ci a 1925. Sau shida ke nan!

To, amma dokar zamanin ta hana mai wasa karɓar lada, wai don sha'awa ake yi. Dubban mutane su biya kuɗin ƙofa don ganin ta, kuɗi su tafi aljihun masu shirya gasa, ita kuwa a tafa mata a ba ta kofi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wa zai jure wannan in ba ɗan masu hali ba?

A 1926 wani Ba'amurke, C. C. Pyle, ya yi mata tayin dala 50,000 ta zaga Amurka tana wasa, ta yarda. Nan da nan aka rufe mata ƙofar manyan gasanni, kamar ta yi abin kunya. Ta rasu a 1938. Sai a 1968 aka yarda masu karɓar lada su shiga gasannin, a 1997 kuma aka sa wa wani babban filin tanis na Faris sunanta.

Ni dai a ganina daidai ta yi. Ki dubi gidajenmu nan Dutse. Mace ta kwashe makonni tana ɗinkin hula har idonta ya yi ja, ko ta wuni kan man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mai saro ya zo ya ce, "Kai, hannunki da kyau," ya ba ta abin da ya ga dama, ya kai kasuwar Shuwarin ya ci riba. Dangi kuwa bashi suke ɗauka, ita tana jin nauyin tambaya. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba ita za ta sayi zaren gobe ba.

Ke 'yar makaranta, ga inda lissafin da muke koya miki zai yi rana. Ɗauki littafi ki zauna kusa da inna. Rubuta kuɗin zare da na yadi, ki ƙirga kwanakin da ta yi tana ɗinki, ki sa wa kowace rana ladanta. Jimlar da ta fito, ita za a faɗa wa mai saro in ya yi sallama.