Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara wa Mota Birki

A wannan makon na ajiye abin da na shirya kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, mazaunin Jega Firchin. Ya ce mahaifinsa yana da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Da ita yake ɗauko albasa daga Aliero, wata rana kuma ya kai kaya Maiyama, kuma da ita ake ci, ake sha, ake biyan kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu ɗaya ya daina fitar da abin da yake fitarwa a da. Shi ya sa Baba yake son a ƙara wa motar sifirin a baya, don kayan sawu biyu ya koma sawu ɗaya. Ɗalibin yana tambaya ko dabarar za ta yi, da kuma abin da shi kansa zai iya yi wa motar a gida lokacin hutu.

Da farko dai, kada ka ji kunyar motar gidanku don ta tsufa. A Faransa aka fara ƙera 504 a shekarar 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. Abin da ya sa ta yi ƙarko a wajenmu shi ne ba ta da ɓoyayyen abu. Ka buɗe bonet ka ga komai da idonka, babu kwamfutar da za a jona kafin a san ciwonta.

To, mu koma kan sifirin. Aikinsa shi ne ya riƙe bodin mota a kan aksul, ya kuma shanye girgizar hanya. Idan aka ƙara masa falle biyu ko uku, gaskiya ne bayan motar zai daina durƙushewa. Amma tsaya ka lissafa abin da bai canza ba: aksul ɗin nan ne, boris ɗin nan ne, tayoyin nan ne, birkin ma shi ne dai na da. An yi motar ne don ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai. Durƙushewar da take yi idan an wuce haka, ita ce hanyar da take cewa kaya ya yi mata yawa. Wanda ya ƙara sifirin bai rage mata nauyi ba, bakinta kawai ya toshe.

Ku 'yan ajin kimiyya kun san lissafin ƙarfin da ke tare da abu mai tafiya: rabin nauyinsa, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Birki ba ya ɓatar da wannan ƙarfi, mayar da shi zafi yake yi ta hanyar goga. A ce mota da kayanta tan biyu ne, aka ƙara buhuna suka zama tan uku. Zafin da birki zai sha kafin ta tsaya ya ƙaru da rabi. Idan kuma direba ya tashi daga gudun kilomita 40 a awa zuwa 80, ba ninki biyu zai zama ba, ninki huɗu ne. Haɗa biyun ka ga ninki shida ke nan, a kan birkin da ya girme ka. Ga shi kuma buhunan ba su da wurin zuwa sai sama, kuma duk yadda kaya ya yi tsawo, haka mota ke saurin kifewa a kwana.

Ba a littafi kaɗai na san wannan ba. Ina kamar shekarunku na yi wa kawuna yaron mota a wani hutu, shi ma irin wannan akori-kurar gare shi, an cika mata sifirin har bayanta ya fi gabanta tudu. Wata rana da bazara mun taso daga Aliero da lodin albasa da ya wuce kan direba, muna ta taka birki saboda ramuka. Can sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Kawu ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Allah Ya kiyaye, ya karkatar da sitiyari muka gangara gefen hanya, motar ta kwanta a hankali. Babu wanda ya karye, amma albasar mutane ta watse, kuma sai da Kawu ya shekara yana biyan bashi. Daga baya aka gano cewa a wani gyara da aka yi a hanya, man birki ya ƙare, wani ya cika da ruwan sabulu.

Wannan al'ada har yanzu ba ta mutu ba, don haka ku fahimci illarta. Birki yana aiki ne domin ruwa ba ya matsuwa: ka taka a nan, ƙarfin ya isa taya a can. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, mai lamba DOT 4 kuma sai 230. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Da ya tafasa ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi, sai ka taka ka ji wayam. Ko man kirkin ma yana tsotsar danshi daga iska a hankali, shi ya sa ake so a zubar da tsohon a zuba sabo kamar duk shekara biyu, kuma daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.

Yanzu sai abin da kai za ka iya yi. Ba tuƙi ba dai, wannan sai ka cika shekara 18 ka sami lasisi. Amma da safe kafin a tayar da inji, kana iya zaro sandar awon baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka ga ko man yana tsakanin zane biyun nan. Ka duba ruwan lagireto, amma fa sai inji ya huce sarai. Murfinsa yana riƙe matsi ne don kada ruwan ya tafasa da wuri, idan ka buɗe shi da zafi zai feso maka a fuska. Ka leƙa ƙasan inda motar ta kwana, duk ɗigon da ka gani ka nuna wa Baba, musamman idan ta cikin taya yake gangarowa, don wannan sau da yawa man birki ne. Matatar iska kuma, ƙurar hunturu tana toshe ta, sai mota ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai aiki ɗaya da ka fi kowa a gidan dacewa da shi, wato karatun taya. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta bushe ta fara tsagewa, irin wadda zafin kwalta na watan Afrilu ke fasawa. Bayan lambar girman taya kuma akwai wata da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Idan ka ga 100, kilo 800 ke nan ga wannan taya ɗaya. Ka nemi littafin rubutu ɗaya, ka rubuta waɗannan duka, ka riƙa sa ranar da aka canza baƙin mai, da ranar da aka taɓa birki, da litar man da aka sha a kowane sawu. Yawancin masu tsofaffin motoci da ka suke riƙe wannan lissafi, kai kuwa yana mantuwa.

Ni a ganina, idan sifirin ɗin ya gaji ko wani falle ya karye, a canza shi da irinsa, wannan gyara ne mai kyau. Kuɗin da za a kashe a ƙara masa kuwa, gara a kai wa bakanike ya duba birkin gaba da na baya, ya canza fulogi, ya saita kafireto, mai faci kuma ya daidaita iskar taya. Waɗannan su ne ke rage shan mai ba tare da an ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta ba.

Saura yadda za ka faɗa wa Baba. Kada ka je masa da jarida a hannu kana cewa malam ya ce ya yi kuskure, don ya fi ni da kai sanin motarsa da hanyar Aliero. Ka bari sai bayan sallar isha ya huta, ka kawo littafin naka, ka ce, "Baba, ga abin da na karanta a jikin tayoyinmu, ko za ka duba mini in na yi daidai?" Daga nan sai ka nuna masa lissafin ninki shidan nan.