Komi: Daga Gulbi Zuwa Lambu



Makon jiya na kai yara gaida kakarsu a Kambaza, cikin ƙasar Gwandu. Muna zaune sai tsohuwa ta ce wa autana, "Tafi ka zuba wa tumaki ruwa a komi." Yaro ya tsaya yana raba ido, ya ce, "A komai?" Aka yi ta dariya, don a bakin mutanen Kabi da Sakkwato "komai" ma "komi" ake cewa. Ni kam dariyar ba ta kai mini ciki ba. Ɗan Kabi bai san komi ba?

'Yar'uwa, komi sunan kwalekwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda ne, ba haɗin katako, ba ƙusa. Masassaƙi zai sami ƙaton icce mai ƙwari irin maɗaci, ya yi ta rarake cikinsa da gizago har ya zama abin shiga. Da irinsa Sarkawa ke su a Gulbin Kabi, tun kafin a fara bikin kamun kifi na Argungu a 1934. Sana'ar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da irin wannan kwalekwale, tsawonsa ya haura mita 8, masana suka ce ya kai kimanin shekara 8,000.

Kalmar ba ta tsaya a gulbi ba. Abin da ake zuba wa dabbobi ruwa ko dusa, shi ma komi ne, don shi ma gungume ne aka rarake. Je ki lambu lokacin noman rani: ƴan fegin nan da ake kewayewa da ƙasa don su riƙe wa albasa ruwa, komaye ne. Siffar ɗaya ce, rami mai baki. Sai dai na gulbi aikinsa hana ruwa shiga, na gida da na lambu kuwa hana shi fita.

Dubi ɗan'uwansa "jirgi". Shi ma asalinsa na ruwa ne. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Jirgi ya tafi yawon duniya, komi ya zauna gida, ga shi yaranmu sun fara mance shi.

Idan suna ya ɓace, hikimar da ke cikinsa takan bi shi. Wanda ya san komi ya san yana da baki, kuma in kaya suka yi yawa ruwa zai haura bakin. Ba mu mance da jirgin da ya nutse kusa da Warrah ta Ngaski a watan Mayun 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Don haka in za ki ƙetare ruwa da yara, dubi yadda jirgin ya zauna. In bakinsa ya kusa taɓa ruwa, jira na gaba, ki kuma nemi rigar kariya.

Yau da dare tambayi yaranki ma'anar komi. Me suka ce? A garinku kuma da wane suna kuka san shi?