Jirgi Bai Tashi Ba: Ina Haƙƙin Fasinja?

A watannin Satumba da Oktoba na 1924 ba a san jirgin fasinja a Kujama ba, amma a irin waɗannan watanni na 2024 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ta ƙidaya tashin jiragen cikin gida 10,804, daga ciki 5,225 suka yi latti, aka kuma soke 190. Watau kusan rabin jiragen ba su tashi a kan lokaci ba. Wannan abin kunya ne ga ƙasa, kuma nauyinsa ya fi faɗawa kan wanda gidansa ya fi nisa da filin jirgi.

Kudancin Jihar Kaduna ba shi da filin jirgin fasinja. Ɗan kasuwar citta daga Kachia, ko malamin makaranta daga Kafanchan, tilas ya yi sammako, ya biyo ta Kasuwar Magani da Kujama, ya ratsa Kaduna kafin ya kai filin jirgi, in ba haka ba sai ya nufi Jos ko Abuja. Idan aka ce masa da magariba an soke jirgi, mazaunin Legas gida zai koma ya kwanta, shi kuwa ina za shi? Wannan hanya ba ta biyuwa da dare, kowa ya san dalili.

Ba doka aka rasa ba. Sashe na 19 na dokokin hukumar, waɗanda aka sabunta a 2023, ya ce in jirgin cikin gida ya yi lattin awa 2, kamfani ya ba fasinja abin taɓawa da na sha, da halin buga waya. In ya wuce awa 3, fasinja yana da ikon karɓar kuɗinsa. In abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai shi suna wuyan kamfani. In kuwa an soke jirgin ba tare da sanarwar awa 24 ba, akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti. Wanda ya biya tsaba a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet cikin kwana 14. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2004 ta yanka diyya daga Yuro 250 zuwa 600. Tamu ba ta kama ƙafar wannan ba, amma ko ita ɗin ba a cika biya ba.

Kamfanoni sukan fake da hazo. Gaskiya ne hunturu yakan rufe sararin Kaduna har matuƙi ya kasa ganin filin sauka, kuma ba mai hankalin da zai so a tashi da shi cikin haɗari. Doka ma ta ɗauke wa kamfani diyya a irin wannan hali. To amma hazo ba ya cinye kuɗin tikiti. Kuma ba hazo ne ke hana a aika wa mutum saƙon waya tun kafin ya bar Zonkwa ba.

Matakin da hukumar ta sanar a Disamba 2024 kan kamfanoni biyar ya yi daidai, sai dai bai isa ba. Kamata ya yi a kafa waɗannan dokoki da Hausa a bangon filin jirgin Kaduna, a kuma riƙa karanta su a rediyo, domin haƙƙin da aka rubuta da Turanci kaɗai bai iso ga talaka ba. Lalle ne kuma a tilasta wa kamfani ya mayar da kuɗi da kansa, ba sai an yi ta jeka-ka-dawo daga Kafanchan ba, har kuɗin mota ya haɗiye diyyar.

Fasinja shi ma kada ya tsaya ga zagin ma'aikacin kan tebur, wanda ba shi ya soke jirgin ba. Ya adana tikiti da rasit, ya rubuta wa kamfani kukansa da kwanan wata, in an yi biris da shi ya kai ƙara ga jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar da ke filayen jiragen sama.